Hannun Daman Kawu Sale

Kwana biyu da barinmu Agadas na fara ganin yadda ake dukan mutum ba tare da ya yi laifin komai ba. A bayan akori-kura muke, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo. Wani ɗan Gambiya ya roƙi a tsaya ya kama ruwa. Direba ya tsaya, ya zaro tiyo daga ƙarƙashin kujera, ya yi ta zabga masa har fitsarin ya zubo a wando, sannan ya ce ai ga shi an yi, a hau mota.

Ni Nuhu, ɗan maƙeran Daura, a gida an san ni da baki. Ban taɓa ganin rashin gaskiya na haɗiye ba, ko da kuwa na mai unguwa ne. Na buɗe baki zan yi magana sai na ji an matse min cinya. Kawu Sale ne, ƙanin mahaifiyata, mutumin Sandamu. Bai ko dube ni ba, ya dai matsa, ni kuma na yi shiru.

Shi kaɗai ke iya rufe min baki haka. A hannunsa na koyi aikin tanin, wato sassaƙa ƙarfe a inji yana juyawa, a fitar da shaf ko bushin ko fin daidai awo. Shekara goma sha bakwai ina gefensa a shagonmu na bayan tasha. A shagon nan akwai doka da ba a taɓa faɗa ba amma kowa ya san ta: idan Kawu ya yi kuskure a gaban mai aiki, ba a gyara masa. Sai mutum ya tafi, ka bari a ɗan jima, ka ce, "Kawu, kamar na ga awon nan ya ɗan wuce." Shi kuma ya ce ya gani. Haka shi ma ya yi wa nasa maigidan. Da wuta ta daina zuwa, man janareta ya fi ƙarfinmu, sai muka rufe shago muka tsallaka iyakar Nijar ta Kongolam, saboda wani ɗan garinmu da ke Agadas ya rantse mana cewa akwai kamfani a Libiya mai injinan tanin jere, ma'aikata kawai ake nema.

Babu kamfani. A Gatrun direban ya sauke mu a wani gida mai doguwar katanga, ya miƙa mu ga wasu samari masu bindiga kamar yadda ake miƙa awaki a kasuwar Mai'adua. Suka karɓe wayoyi da takardu. Da aka zo kan tabaran Kawu, wani ya cire masa daga fuska, ya saka a tasa yana dariya. A nan Kawu bai kai ga cinyata ba. Na ce wa yaron da Hausa ubansa ne ya saya masa? Bai ji Hausa ba, amma ya ji muryar. Gindin bindiga ya sauka a bakina, haƙorina na gaba ya tafi, suka kwantar da ni suka yi ta dukan tafin ƙafata da bututun roba har na daina jin ƙafar tawa ce. Tabaran kuma yaron ya taka shi a gabanmu.

Kawu ne ya yi ta jiƙa tsumma yana ɗaure min ƙafa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Bakin nan naka, Nuhu, ka bar shi a Daura."

Bayan mako guda wani Balarabe mai tumbi ya zo neman masu sana'a. Bai tambayi kowa komai ba, tafin hannu yake dubawa. Da ya kama na Kawu ya ga kanta da tabon wuta da baƙin da sabulu ba ya fitarwa, sai ya gyaɗa kai. Kawu ya jawo hannuna ya ɗora a kan nasa, alamar tare muke. Haka muka zama na Miftah, mai garejin gyaran mota a gefen Sabha.

Abin da Kawu ya fara nema da ido a garejin shi ne injin tanin. Wurinsa kawai muka tarar, bol huɗu a tsaye cikin siminti da baƙin mai a tsakaninsu. An ce lokacin wani faɗa aka zo da babbar mota aka tafi da shi. Don haka mutumin da duk ƙasar Daura ake kawo wa shaf ɗin injin niƙa daga Dutsi har Zango ya koma cire taya da wanke ƙarafa a baho. Abinci makaroni da tumatirin gwangwani, safe da yamma. Na yi kewar fura har ina jin ƙamshin kanumfari a hancina ina tsaye cikin warin gas. Kawu bai taɓa cewa yana kewar komai ba, amma kullum bayan azahar sai ya tsaya a kan bol huɗun nan yana kallon baƙin man.

Mai gadin garejin wani Buzu ne, Agali, dogo siriri, ya yi zaman Damagaram yana jin Hausa sarai. Ranar da ya ji mu maƙera ne sai ya ajiye butar shayinsa ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe bayina aka kawo min har gida."

Na ce, "Bawa ai shi ne wanda ba ya iya ƙera ko allura, sai yawo da takobin da muka yi masa."

Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Wasan Buzu da maƙeri ya tsallaka sahara ya same mu, kuma tun daga ranar ba mu rasa kofin shayi da dabino uku-uku ba. Shi ne tafintanmu, shi ne kuma ya koya min wace unguwa baƙar fata ba ya bi ko da rana tsaka.

A kuryar garejin, kan wani teburin ƙarfe, akwai ƙaramin injin milin da ɓarayin ba su ga darajarsa ba. Tsayinsa bai wuce daga ƙugu zuwa kai ba. Shi aikinsa akasin na tanin ne: wuƙa ce ke juyawa a bakinsa tana kallon ƙasa, ƙarfen kuma a ɗaure yake a bais, wato abin matse ƙarfe, a kan tebur mai tafiya hagu da dama, gaba da baya. Kawu ya dube shi sau ɗaya ya ce abin wasan yara ne, kuma kada in taɓa kayan mutane.

Na taɓa. Da rana idan Miftah ya tafi barcinsa, Kawu ya kishingiɗa a inuwar wata matacciyar mota, sai in lallaɓa. Abin da ya faɗo min a rai dabarar Kawu ce ta ƙauye: idan aiki ya kama shi a inda babu injin tanin, sai ya ɗaure ƙarfen a bakin injin niƙa, a tayar, shi kuma ya riƙe magagari a jiki har ya ci daidai. To me zai hana in juya lamarin milin ɗin? Na sa ƙarfen a bakin da ke juyawa, na ɗaure wuƙar a bais tana kallon gefensa. In na murɗa tebur wuƙa ta shiga, in na sauke kan inji ta bi tsawon ƙarfen. Sai ga ɓawon ƙarfe yana fita a nannaɗe. Na kusa yin kuka.

Murnar ba ta daɗe ba. Kan da ke jikin injin na huda rami ne, mai haƙora uku, kuma cusa shi kawai ake yi a rami mai tsukewa, babu abin da ya riƙe shi sai matsi. In ana huda rami daga sama zuwa ƙasa, danna shi ake yi yana ƙara kamawa. Amma turi daga gefe sassauta shi yake yi. A karo na uku kan ya fice da ƙarfen a bakinsa, ya daki tebur, ya yanke ni a ƙwauri, ya tafi ƙarƙashin benci yana juyi. Da na bincika akwatin injin sai na sami wasu ƙananan bakuna masu tsaga, da wani dogon bol da ake zurawa ta saman inji ya ɗaure bakin ta ciki. Da su na ci gaba, na yi wa Miftah bushin biyu, ya yi ta mamaki. Kawu ya juya ɗaya a hannu ya ce ba laifi, ya ajiye. Zancen kan da ya fice kuwa ban gaya masa ba, tunda ya ce kada in taɓa. Ciwon ƙwaurin na ce ƙarfen taya ne.

Wata ranar Talata da hantsi motoci biyu suka shigo ba sallama, ɗaya tana jan ɗaya. Mutum bakwai suka diro, duk da bindiga. Babbansu gajere ne mai tabon ƙuna a wuya. Fin ɗin sandar giyar motarsa ne ya karye, ƙarfe mai tsawon ɗan yatsa, mai kauri iri biyu, kuma suna so su bar garin kafin la'asar domin waɗanda suke faɗa da su suna tafe. Miftah ya ce babu irinsa a Sabha, injin taninsa kuma an sace. Mai tabon ya mare shi, ya kama gemunsa ya buga kansa a jikin mota sau biyu. Miftah yana durƙushe, jini na bin hancinsa, ya nuna mu da yatsa.

Agali ya fassara, muryarsa a ƙasa: "Miftah ya ce ku kuna iya yi a ƙaramin injin. Mai tabon nan kuma ya ce wanda ya taɓa injin, in bai yi ba, shi zai biya da jikinsa."

Na yi taku ɗaya. Kawu ya tare ni da hannu a ƙirji.

"Matsa. Ba ni wuri."

Na san dalilinsa. Ba girman kai ba ne kawai, so yake in abin ya ɓaci ya ɓaci a kansa. Ya sa na yanko masa guntun bol, na ɗaure wuƙa a bais yadda ya ga ina yi daga nesa. Sannan ya ɗauki kan nan mai haƙora uku, domin shi ne ya yi kama da bakin injin tanin da ya sani shekara talatin, ya cusa shi, ya buga da tafin hannu, ya matse ƙarfen.

Ina tsaye ina kallo. Na san abin da zai faru kamar yadda na san sunana. Maganar tana bakina: Kawu, ba wannan ba, zai fice. Amma ga Miftah, ga Agali, ga baƙi bakwai sun zuba masa ido a matsayin babban gwani, kuma ni ban taɓa ce masa ba haka ba ne a gaban ko da mai tallan goro. Harshena, wanda ya jawo min asarar haƙori a Gatrun, ya yi nauyi. Abin da na iya fitarwa shi ne, "Kawu, ko a ɗan duba saman injin?"

Ya ce, "Na gani."

Bai gani ba. Ba tabarau ma a idonsa. Ya tayar da inji, ya murɗa tebur, ya ci ƙarfen da zurfi irin na babban inji. Yankan farko ya wuce. A na biyu injin ya canza murya, kan ya fice kamar an harba shi, ya daki bais ya tashi sama, ya sami ɗaya daga cikin samarin a baki. Yaron ya faɗi yana tofar da haƙora da jini. Daga baya na ji ƙanin mai tabon ne.

Mai tabon bai yi ihu ba. Ya kama hannun daman Kawu ya shimfiɗa a kan teburin ƙarfen, ya ɗora bakin ƙaramar bindiga a bayan hannun ya harba. Sannan ya juya bindigar ya yi ta dukan yatsun da gindinta, ina jin ƙashi yana ƙara, har sai da ya gaji. Na yi kansa, biyu suka kayar da ni, ɗaya ya taka min wuya. Kawu ya zame ƙasa ya jingina da ƙafar tebur yana salati a hankali.

Agali ya tsuguna kusa da kaina. "Tashi, maƙeri. Ya ce babu mai fita da tsohon nan sai fin ya shiga mota. Tashi ka yi."

Na tashi. Jinin Kawu ne a kan teburin, na share da hannun riga don in ga inda zan ɗaure wuƙa. Na zaɓi bol ɗin da ya shiga baki mai tsaga, na zura dogon bol ta sama na ɗaure har sifana ta ƙi tafiya. Wahalar ita ce ƙaramin inji ba ya son gaggawa. Dole ka ci ƙarfen kaɗan-kaɗan, kamar kaurin farce, ka sauke kan injin a hankali, ka koma, ka sake. Duk yanka ɗaya ina jin numfashin Kawu a bayana, ina ganin jinin yana tafiya a siminti yana neman ƙafata. Zuciyata tana cewa ƙara zurfi, hannuna yana ƙi. Agali ya kwance rawaninsa, abin da ban taɓa ganin Buzu ya yi a gaban mutane ba, ya ɗaure wa Kawu damtse da shi. Na gwada da tsohon fin ɗin, saura kaɗan. Na sake yanka biyu, na bi da magagari, na yanke da zarto. Fin ya shiga da bugu ɗaya. Mai tabon ya sa giya, ya cire, ya sake sawa, suka ɗauki ɗan'uwansu suka fita. Ko waiwaye bai yi ba.

Asibiti biyu muka je a motar Miftah, duka suka ce ina takarda. Muka dawo gareji muna wanke ciwon da ruwan gishiri. Kwana huɗu hannun ya kumbura har gwiwa, yatsun suka yi baƙi, wari ya fara, zazzaɓi yana sa Kawu kiran sunayen mutanen Sandamu da suka daɗe da rasuwa. A rana ta biyar Agali ya samo wani likita ɗan Sudan da ke duba irinmu a bayan wani kantin magani. Ya kwance tsumman, ya duba, ya rufe, ya yi magana da Agali.

"Ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwar hannu, yau. In an kai jibi gawa za ka ɗauka."

A lokacin hankalin Kawu ya dawo sarai. Ya ce, "A'a. Da hannuna na zo, da shi zan koma. Da hagu zan ci tuwo a gaban 'ya'yana? Da hagu zan gaisa da mutane a masallaci? In kwana ya ƙare a binne ni da abina." Ya dube ni. "Nuhu, ɗauke ni mu tafi."

Ɗakin cike yake. Likita, matarsa da ke taimaka masa, Agali, Miftah, da wasu 'yan Nijar biyu da ke jiran layi suna jin duk abin da ake faɗa. Sai na ji muryata ta fita, da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya.

"A'a, Kawu. Ba haka za a yi ba. Yankewa za a yi."

Ya kalle ni kamar bai san ni ba. "Ni kake gaya wa haka? A gaban mutane?"

"Kai nake gaya wa."

Ya yunƙura zai tashi, na danne shi. Ya mare ni da hagun, ya tofa min yawu, ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ni, ya kira sunan mahaifiyata ya ce ta haifi marar kunya. Na kwanta a kan ƙirjinsa da dukan nauyina, Agali ya riƙe ƙafafu. Allurar da likitan ke da ita ba ta isa ta kashe zafin duka ba. Ni da na yi shekaru ina yanka ƙarfe da zarto, ranar na ji yadda yake yi a ƙashi, kuma har yau in ana yanka a kusa da ni sai na fita waje. Ina kuka ina danne shi har ya suma.

Ya rayu. Amma daga ranar bai sake yi min magana ba. Miftah, ko don kunya ko don tsoron kada mu mutu masa a gareji, ya sa mu a motar da ke komawa kudu. Agali ya raka mu har bakin mota, ya cusa min ƙullin dabino ya ce in kula da bawansa tsoho. Duk tsawon saharar nan ina riƙe da Kawu ta baya don kada ya faɗo, tunda hannu ɗaya ba ya riƙe sanda. In na miƙa masa ruwa ya sha, in na ba shi dabino ya karɓa, amma idonsa yana wani wuri. Agadas shiru, Damagaram shiru. Na ce a raina na dawo da shi da rai, in ya ga dama kada ya sake kiran sunana har abada. Ƙarya nake yi wa kaina, abin yana cina.

Da hantsi muka sauka a Kongolam. Ga 'yan acaɓa suna kiran Daura, ga mai ƙosai, ga Hausar gida tana shiga kunne ta ko'ina. Kawu ya zagaya bayan wata katanga ya kama ruwa. Na tsaya da jakarmu ina jira. Ya daɗe, har na fara tunanin ko jiri ya kwashe shi.

"Nuhu."

A hankali ya kira. Na zagaya na same shi tsaye, ya riƙe wando da hagu, mazagin yana lilo. A hanya wandon roba na saya masa, amma yau ya sa na shaddarsa don shiga gida. Na durƙusa a gabansa na kama mazagin. Yana kallon saman kaina ya ce, "Kan injin nan. Ka san zai fice?"

Hannuna ya tsaya. "Na sani, Kawu."

"Tun kafin in tayar?"

"Tun kafin ka tayar."

Ina jiran mari, ko abin da ya fi mari. Sai na ji tafin hagunsa a kaina, da nauyi, kamar mai neman abin dafawa.

"Ni na koya maka kame bakin nan," in ji shi. "Ɗaure da kyau, akwai mutanen Sandamu a tasha."